Tsakuwa Ba Ta Fita a Hoto

Ranar Asabar ɗin da ta wuce wasu 'yan mata biyu na cocinmu suka yi sallama, suka tarar da ni a tsakar gida, hannuna cikin ƙwarya, zanina ya jiƙe har gwiwa. Da muka gaisa, babbar ta ce, "Mama, so muke ki koya mana sana'ar onlayin ɗin nan taki. Mun ga ai ba wuya, hoto ne kawai za a ɗauka a saka a waya." Ƙaramar ta ce in ɗan yi sauri, don suna da koyon waƙa da yamma. Na yi dariya har ruwan ƙwaryar ya fantsamo mini a fuska. Na ba su kujera na fara bayani, amma idonsu na kan wayata da ke caji a bakin taga, ba wadda ta ko kalli ƙwaryar. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, su da ire-irensu su karanta ranar da ba sa sauri.

Sunana Saratu, a nan unguwar Nasarawa ta Kaduna kuwa Maman Bitrus ake ce mini. Acca nake sayarwa, wankakkiya, busasshiya, wadda za ki zuba a tukunya kai tsaye ba sai kin sake taɓa ta da ruwa ba. Ba da ita na fara neman abinci ba. Ƙuruciyata a masaƙa ta ƙare can Kakuri, ni da marigayi mijina, kuma da albashin masaƙar muka ɗora ɗakunan nan da nake ciki, bulo bayan bulo. Da masaƙa ta rufe na koma bakin titi na kafa tebur, ina auna acca da mudu. Na yi shekaru a nan, har aka zo faɗaɗa hanya, muka wayi gari babu tebur babu rumfa.

A makon ne ɗana Bitrus ya kira daga Abuja, inda yake aiki. Ya ce, "Mama, ya isa haka. Ki rufe gidan nan ki dawo wurinmu, ɗakinki na nan yana jiranki." Yaron kirki ne, ba raini ya sa ya faɗa ba. Amma na je gidan nasa na gani. Bene ne, ƙofa a garƙame dare da rana, maƙwabcinka ko sunansa ba ka sani ba. In na koma can, aikina kallon talabijin da jiran a taso daga ofis. Nan kuwa in maƙwabta ba su ji ƙarar tsintsiyata da safe ba, sai wani ya leƙo ya ga ko lafiya. Ba na son barin gidana, iyakar gaskiyar ke nan. Sai dai kuma ba zan zauna a ciki ina miƙa wa yaro hannu duk ƙarshen wata ba, shi ma yana da nasa iyalin. Sai muka yi yarjejeniya. In sana'a ta riƙe ni daga cikin gida, zan zauna. In ta kasa, da hannuna zan haɗa kayana, ba sai an roƙe ni ba. Duk abin da zan ba ku labari a nan, kan wannan magana yake tafiya.

Bari in fara da ƙwaryar da 'yan matan nan suka ƙi kallo. A hannun uwata na koyi regewa, a ƙauyenmu can Filato, tun ban kai in ɗauki tulu ni kaɗai ba. Ƙwayar acca da ƙwayar yashi girmansu ɗaya, shi ya sa babu rariyar da za ta raba su. Ruwa kaɗai ke rabawa, domin yashi ya fi nauyi. Ƙwarya biyu za ki ajiye. Ki zuba acca da ruwa a ta farko, ki karkata ta kaɗan, ki riƙa girgizawa a hankali da wuyan hannu, acca tana bin ruwa tana gangarawa cikin ta biyu, yashi yana kwantawa a ƙasa. Ki zubar da shi, ki sake daga farko, ki yi ta yi har gindin ƙwarya ya fito fes. Roba ba ta yin wannan aiki, santsi gare ta, yashi zamewa yake ya bi acca. Ƙwarya kuwa cikinta na da ɗan kaushi da ke riƙe shi. In na ce na gama, uwata takan ɗebi kaɗan da yatsu ta sa a baki. Ta ji ƙaras ko sau ɗaya, ba faɗa ba duka, sai dai ta turo mini ƙwaryar da ƙafa. Daga nan sai shanya, a kan farin ƙyalle bisa tebur, a lulluɓe da tsohon gidan sauro saboda kaji da tsuntsaye.

Abin da uwata ke yi shi kowace mai saye ke yi a kasuwa. Ba a sayen acca sai an tauna. Mace za ta tsaya gaban teburinki, ku gaisa, ta tsoma yatsu a cikin tire, ta sa a baki, ta ɗaga ido sama tana taunawa kamar mai sauraren wani abu daga nesa. In ta gyaɗa kai, ki auna, ki ƙara mata gyara. In ta tofar, ta wuce, ba wanda ya ɓata wa wani rai. Duk shekarun da na yi a bakin titi ban taɓa buɗe baki na yabi kayana ba, haƙoran mutane ne ke yi mini talla.

Wadda ta koya mini waya Hajiya Larai ce, ƙawata tun masaƙa, layi ɗaya muka yi aiki da ita. Tana zaune a Unguwar Sanusi, tana sayar da atamfa da mayafai daga cikin ɗakinta, ba ta da shago ko na ajiye tsintsiya. Da na kai mata kukana ta ce in riƙa zuwa. Nakan hau keke in tsallaka gada, in same ta kan tabarma, atamfofi jibge a gefe, mu ci ƙosai mu yi karatu. Dokarta abu ɗaya a kowane zuwa. Yau goge idon kyamara da gefen zani. Wani zuwan, yadda ake danna a riƙe a yi saƙon murya. Wani zuwan kuma yadda ake saka hoto inda duk mai lambarki zai gani. In na ce ta ƙara mini wani, sai ta ce, "Je ki yi wannan tukuna har hannunki ya saba."

Hannun kuwa ya daɗe bai saba ba. Yatsun da suka sha ruwa da zare ba sa jin gilashi. Na taɓa tura hoton ƙafata cikin guruf ɗin zumuntar mata, mutane suka yi ta yi mini sannu, suna zaton ciwo nake nunawa. Na taɓa kiran fastonmu ta bidiyo ban sani ba, bawan Allah yana ta sallama yana kallon rufin ɗakina. Da na ba Hajiya labari ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Saratu, injin saƙa mai ƙarar jirgin sama kin juya shi shekara da shekaru, wannan ɗan abin da bai kai tafin hannu ba ne zai gagare ki? Wallahi ba ki isa ki ba ni kunya ba."

Hoton acca na farko da na saka, na sha wahala a kansa. Na wanke tiren silba, na zuba accar da na fi ji da ita, na fito da ita hasken safe kamar yadda Hajiya ta koya mini, na ɗauka na sake ɗauka. Na saka, na zauna da waya a cinya ina jira. Can sai ga saƙo daga wani mutum da ban san inda ya samo lambata ba: "Madam, yashin nan na filasta ne? Nawa tifa?" Na ji haushi sosai a lokacin, amma da na sake duban hoton sai na ga bawan Allah bai yi laifi ba. Ni kaina da ba ni na ɗauka ba, da yashi zan ce.

Haka na yi wata da watanni ina saka hoto ba ciniki. Mutane na gani, wasu su tambayi kuɗi, in faɗa, shiru. Data na ƙarewa ina sake sayowa. Bitrus in ya kira sai ya ce, "Mama, yaya kasuwa?" in ce masa da godiya, shi ma ya san abin da wannan amsa ke nufi. Na koma wurin Hajiya na ce ko dai hoton ne ban iya ba har yanzu. Ta karɓi wayar ta duba ta ce hoto ya yi. Ta ce, "Matsalar ba a nan take ba. Ni kayana ido ke saye, an ga zanen atamfa an gama. Ke naki baki ke saye. Wadda ta rege da wadda ko wankewa ba ta yi ba, hotonsu ɗaya ne. Yadda za ki kai bakin mutum cikin waya kuwa, wannan ban sani ba, ba sana'ata ba ce. Je ki yi tunani."

Na yi tunanin ina regewa, don a nan kaina ya fi aiki. Tunda baki ba zai shiga waya ba, sai acca ta je wurin baki. Na sayo ƙananan ledoji irin na ƙullin gishiri, na riƙa ƙulla acca kamar cikin cokali. Duk wanda ya tambayi kuɗi a waya, in dai a cikin Kaduna yake, sai in ce kada ya saya tukuna, ya faɗa mini inda yake in aiko masa da ɗanɗano. Ina tafiya coci da su a jaka, ina ba masu keken unguwarmu su miƙa in hanya ta bi da su. Maƙwabciyata ta ce na fara rabon sadaka da jari. Sannan na jingina waya da turmi na ɗauki bidiyon hannuna yana regewa, a ƙarshe na nuna yashin da ya kwanta a gindin ƙwarya. Bidiyon ya karkace, zakara na ta cara a bayansa, amma ya fi duk hotunan tiren silba jan mutane.

Cinikin da ba zan manta ba na Rahila ne, wata malamar makaranta a Kamazou. Saƙonta kalma biyu ne da Turanci, tana tambayar nawa. Ni kuwa a tarbiyyar kasuwa ba a fara ciniki ba gaisuwa, sai na danna na riƙe na gaishe ta, na tambayi maigida da yara da aiki da gajiya, na kawo labarin ruwan da aka yi jiya, kuɗin ma sai can ƙarshe na faɗa. Ta rubuto, "Mama, ina cikin aji ne, don Allah a taƙaice." Tun ranar na koyi sa farashi a gaba, gaisuwa ta biyo baya. Ban daina gaisuwar ba dai, ba a haife ni a waya ba.

Da ta tashi daga makaranta ta kira ta yi mini bayani. Surukinta, Baba Ayuba, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, a wurinsu yake zaune, yana fama da ciwon suga. A asibiti an ce ya rage tuwon masara da shinkafa, ya riƙa cin acca. Ta sayo a kasuwa ta wanke iya iyawarta, tsoho ya kai loma baki, tsakuwa ta fasa masa haƙori, ga haƙoran dama saura kaɗan. Ya rantse shi da acca har abada, gara sugar ta kashe shi da bakinsa cikakke. Ta ce, "Mama, in akwai tsakuwa ko ɗaya, ni ce zan sha faɗa." Na ce kada ta saya, ta dafa masa ɗan ƙullin da zan aiko, in ya ji wani abu ta goge lambata.

Washegari sai ga saƙon murya. Na buɗe na ji muryar tsoho, mai kauri, yana magana nesa da waya: "Wace ce wannan ɗin? To, ku gaya mata ban ji komai ba. Na tauna ta dama, na tauna ta hagu, ban ji komai ba." Na saurari saƙon nan har batir ya yi ja. A sana'armu babu yabon da ya wuce wannan. Daga nan Rahila ta zama mai saye duk wata, ta kuma saka lambata a guruf ɗin malaman makarantarsu. Ba mu taɓa haɗuwa ido da ido ba, ni da ita ko da tsohon, mai keke ne tsakaninmu.

Kayan aiki a hankali na tara su, kowanne sai da buƙatarsa ta taso. Da farko da kyandir da tsohon zarto nake liƙe leda: a naɗe bakin ledar a jikin haƙoran zarto, a bi da shi ta gefen wuta. Yatsuna sun sha ƙuna kafin in sayi ɗan injin liƙewa, shi ma in an ɗauke wuta kyandir nake komawa. Sikeli sai da mutanen Abuja da Legas suka fara saye na nemo shi, don su ba su san mudu ba, kilo suke tambaya. Duk da haka in allura ta tsaya daidai sai na ƙara ɗan hannu a kai, ban iya miƙa kaya babu gyara ba. Na koyi kai saƙo tasha, in sa leda cikin buhu in ɗinke, in rubuta suna da lamba manya-manya, in karɓi lambar direba in tura wa mai kaya. Na koyi cewa da damina ba a gaggawar liƙe leda, sai an damƙi acca a hannu an sake ta, in ta zube warwas ta bushe, in ta dunƙule ko kaɗan a mayar da ita shanya. Masu saye kuwa iri-iri ne. Akwai mai tambayar komai har sunan ƙauyen da aka noma, ya ce zai dawo, ba ki ƙara jin ɗuriyarsa ba. Akwai mai turo hoton cewa ya biya alhali bai biya ba, shi ya sa kaya ba ya fita sai na ga saƙon banki da idona. Akwai mai son a kawo yanzu-yanzu kamar acca a famfo take zubowa. Duk da haka abin ya riƙa tafiya, ina ci ina sha, ina sayen maganina da kaina. Da Bitrus ya zo Kirsimeti ya ga ledoji jere a kan gado, ya yi murmushi ya ce, "To Mama, mu ga wata shekarar."

Shekarar da ta biyo baya ta yi kyau, wadda ta bi ta ce ta zo da baƙar wahala. Man fetur ya yi tashin da kowa ya sani, kuɗin aika kaya Legas ya nemi ya wuce kuɗin kayan, mutanen nesa suka janye ɗaya bayan ɗaya. Can gida Filato kuma rashin zaman lafiya ya hana mutanenmu noma sosai. Ɗan abin da ake samu ya yi tsada, ga shi yana zuwa da yashi fiye da yadda na taɓa gani. Buhun da a da nake gamawa cikin sauƙi ya koma cin ninkin lokacinsa, wuyan hannuna ya kumbura har sai na ɗaure shi da ƙyalle. A daidai lokacin ne yara masu sayarwa suka cika waya, ledojinsu masu sheƙi da tambari, ka yi oda da safe a kawo maka da rana. Ban ce kayansu ba kyau ba, ban tauna ba. Na dai san cewa acca irin ta shekarar nan ba ta reguwa tsakanin safe da rana.

Wata mai kawo mini kaya ta ce, "Maman Bitrus, ki yi mata wanki ɗaya ki liƙe mana, waye zai gani a hoto?" Gaskiya ta faɗa, ba mai gani. Sai dai ni duk ledar da zan liƙe, bakin Baba Ayuba nake tunawa. Na rubuta a shafina cewa daga yanzu oda za ta riƙa ɗaukar lokaci, mai haƙuri ya jira, mai sauri ban riƙe shi ba. Masu sauri suka fi yawa. Na je wurin Hajiya Larai, na tarar ita ma atamfofinta na nan jibge yadda na bar su. Ba ta ba ni wata dabara ba a wannan karon. Ta zuba mini kunu ta ce, "Sha, Saratu. Bana kowa a kwance yake."

Kafin kaka ta ƙare masu sayena ba su wuce a lissafa da yatsu ba. Na fara taɓa jari ina cin abinci. Yarjejeniya kuwa yarjejeniya ce, kuma ni na yi ta da bakina. Na kira Bitrus na ce, "Bana sana'a ba ta riƙe ni ba." Ya ce zai zo da mota kafin Kirsimeti. Na yi baƙin ciki ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Na haɗa akwatina da kaina kamar yadda na yi alkawari, na kife ƙoren a cikin buhu na ɗaure. Sauran accar da ta rage na rege ta tsaf, na cika babbar leda saboda Baba Ayuba, yadda za ta kai shi wani lokaci. Na tura wa Rahila saƙo cewa wannan ce ta ƙarshe, zan koma Abuja wurin ɗana, ranar kaza za a kawo. Ta amsa da "To, Mama." Wannan gajeriyar amsa ta ƙara sanyaya mini jiki.

Bitrus ya iso da hantsi, ya sa akwati da buhun ƙore a bayan mota. Na ce kafin mu kama hanya ya kai saƙon nan Kamazou, tunda ga mota, ba sai na nemi mai keke ba. Ya ce yanzu zai dawo. Na zauna a tsakar gida ina sallama da maƙwabta, rana ta take, ta fara karkata, babu Bitrus. Har na fara tunanin ko motar ce ta lalace, sai ga shi ya shigo yana share gumi. Ya zauna a kan turmi, da rigarsa mai guga.

Ya ce, "Mama, tsofaffin nan sun kusa cinye ni ɗanye."

Na ce, "Waɗanne tsofaffi? Tsoho ɗaya na aike ka wurinsa."

Ashe da Rahila ta gaya wa Baba Ayuba, sai ya karɓi wayarta ya yi ta kiran abokansa, waɗanda suke haɗuwa a benci ranar ganin likitan masu suga. Ya daɗe yana cika musu baki da accar da yake ci, wasunsu ma a kwanonsa suke ɗanɗanawa in sun kawo ziyara. Ya ce su zo, mai acca za ta kawo kaya da kanta yau, su tare ta. Bitrus ya tarar da su zaune a inuwa, kowa da sandarsa, wata tsohuwa har da kujerarta ta zo. Da suka gane ba ni ba ce, ɗana ne, kuma shi ne mai ɗauke ni, sai suka yi masa ca. Baba Ayuba ya sa shi ya durƙusa kusa, tsohon ya buɗe bakinsa ya nuna masa haƙoran da suka rage a ciki, ya ce, "Yaro, waɗannan uwarka ce ta bar mini su. In ka kai ta Abuja, kai za ka zo ka riƙa rege mini?" Sauran suka ce su ba a taɓa ba su lambar ba ma, Ayuba ya ɓoye abinsa shi kaɗai, sai yau da zai rasa ya tuna da su. Faɗa ya koma tsakaninsu, Bitrus na tsugune a tsakiya.

Na ce, "To, ka ba su haƙuri ko? Tashi mu tafi kada dare ya yi mana a hanya. Na gaya maka gaskiya, bana ba ta riƙe ni ba."

Ya ce, "Mama, da ke muka yi yarjejeniya. Ban san da su a ciki ba." Ya tashi ya fita, na ji ƙarar buɗe bayan mota. Ya shigo da akwati a hannu ɗaya, buhun ƙore a ɗaya. Ya ce, "Kowannensu ya yi oda, Rahila za ta turo miki sunayen. Na riga na ce musu to. In ba a kai ba, ni ba zan iya sake bi ta Kamazou ba."

Ba zan ce daga ranar komai ya gyaru ba. Shekarar ta ƙare da wuya, wadda ta biyo ma da ɗingishi ta fara. Amma tsofaffin nan duk a gefe ɗaya suke, keke ɗaya ke kai musu kaya gaba ɗaya, ba sa sauri, kuma ba sa sayen ta kowa. Su suka riƙe ni har mutanen nesa suka fara dawowa, kuma har yau a cikin gidana nake kwana. A ranar dai ban san haka za ta kasance ba. Abin da na sani shi ne an yi wa mutane alkawari da sunana, kuma babu ko cokali ɗaya na wankakkiyar acca a gidan. Maƙwabciyata na da rabin buhu da ta saya don Kirsimeti, na aika ta ba ni aro. Na kwance buhu na fito da ƙoren, na ɗaura zani, na dubi Bitrus da ke tsaye da makullin mota a hannu.

Ya ce, "Mama, ni yanzu me zan yi?"

Na ce, "Kai ka ce musu to. Cire takalmin nan, ɗauki guga."